Fentin Tsohuwar Mota: Abin Yi Idan Aibi Ya Fito

Ƙannena, akwai wata sha'awa da na ga tana ƙaruwa a tsakaninku, kuma tana burge ni. Yaro zai leƙa garejin gidansu ya tarar da Peugeot 504 ta mahaifinsa, ko Marsandin kakansa, ta yi shekara da shekaru a kan duwatsu, tayoyi sun sace, kaji sun mayar da ƙarƙashinta akurki, sai ya ɗaura niyyar tayar da ita. Niyya ce mai kyau. Ita 504 ba ƙaramar mota ba ce a tarihinmu. A 1968 ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, aka yi ta haɗa ta a nan har cikin shekarun 2000, bayan Turawa sun daɗe da sallamar ta. Manyan gwamnati sun hau, malaman makaranta sun hau, direbobin tasha sun yi lodin Kano zuwa Jos da ita har suka aurar da 'ya'ya.

Injin irin waɗannan motoci bai cika ba da wahala ba, bakanike na gari zai tayar da shi. Inda kuɗi ke narkewa, inda kuma mutunci ke zubewa, shi ne jiki da fenti. Ka kai wa wanda aka ce maka ya ƙware, ka biya kuɗi mai tsoka, ka jira wata biyu ko uku, mota ta fito tana ɗaukar ido. Bayan 'yan makonni kana wanke ta sai ka hango ƙuraje a kan bonet, ko wani zobe a ƙofar baya, ko ka ga ƙyallin rufin ya dusashe. A wannan gaɓa matashi kan yi ɗayan biyu: ko ya figi mota ya je ya yi wa mai fenti wankin babban bargo a gaban yaransa, ko ya kalli wani bidiyo a waya ya ɗauko samfefa ya hau gyara da kansa. Duka biyun asara ce. Abin da ya kamata ka fara sani shi ne zurfin aibin. A saman fenti yake, a cikinsa yake, ko daga ƙarƙashinsa ya taso? Amsar nan ita ce za ta gaya maka ko aikin rabin yini ne, ko sai an sake fesa fallen gaba ɗaya, ko sai an kankare har ƙarfe. Ita ce kuma za ta nuna mai laifi.

Abin da kake kira fenti hawa-hawa ne. Can ƙasa ƙarfe ne. A kansa ake fesa firama, wadda ke kama ƙarfen ta tsare shi daga tsatsa. Inda aka buge lotsawa ake shafa fila a daidaita. Sai kala, sai a yawancin ayyukan yanzu a rufe da kiliya, ruwan nan marar launi mai ƙyalli da ke kare kala daga rana. A masana'anta, in ka haɗa duk hawan nan ba su cika wuce maikiron 100 zuwa 180 ba, shi kuwa maikiron kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Kiliyar ita kaɗai wajen 40 zuwa 50 ce, ba ta kai kaurin takardar rubutu ba. Ka tuna da wannan duk ranar da wani ya ce maka a ɗan goge kawai.

Masana'anta kuma tana gasa gangar mota tsirara, ba gilashi, ba waya, ba kujera, a zafin digiri 140 ko fiye. Mai fenti ba shi da wannan damar, don roba da wayoyi za su narke. Ɗakin gashinsa, oban, wajen digiri 60 yake tsayawa, na kimanin rabin awa. Da yawa a garuruwanmu ma ba su da shi, rana ce obansu. Saboda haka sabon fenti kan bushe a hannu cikin 'yan awoyi, amma ya ci gaba da fitar da tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, yana tsukewa har makonni. Dalilin ke nan da wasu aibobin ba sa bayyana ranar karɓar mota.

Tsohuwar mota tana da nata ƙarin. Wadda aka haɗa a 1980 ta haura shekara 40, kuma da wuya a ce fenti ɗaya ne a jikinta. Akwai na kamfani, akwai wanda aka yi bayan wani karo, akwai na zamanin da ta yi haya. Ba jinsi ɗaya ba ne. Fentin da, irin selulos da danginsa, bushewa kawai yake yi idan tina ta tashi, ko bayan shekara 30 ka zuba masa tina zai sake narkewa. Na yanzu, mai haɗi biyu da ake zuba wa hadina, daskarewa yake yi, ba ya komawa. In aka ɗora sabo a kan tsoho ba a gwada ba, an binne rigima ke nan.

Kafin ka yi wa kowa magana, duba motar da kyau. Wanke ta da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, ka bar ta ta bushe. Dube ta a rana, dube ta a inuwa, da dare kuma ka haska tocila a karkace, ka durƙusa ka bi jikin da ido daga fitilar gaba zuwa ta baya. Buɗe ƙofofi da bonet da but ka duba bakunansu. Duba roba da gilashi da ƙarafunan ado ko feshi ya hau su. Naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ka bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi, inda ya ƙi kamawa fila ce jibge. Duk abin da ka gani ɗauki hotonsa, ka rubuta ranar da ka fara ganinsa. Kada ka sa farce, kada ka fasa ƙurji don ganin abin da ke ciki, bari mai fenti ya fasa a gabanka. Ga wanda bai riga ya karɓi tasa ba: ba a karɓar mota da magariba, ba a karɓar ta a jiƙe. Duhu da ruwa suna rufa wa kowane fenti asiri.

Mafi sauƙi su ne na sama: ƙwayoyin ƙura da suka faɗa kan kiliya tana ɗanye, da gurzar nan da ake kira ɓawon lemo, da hawaye inda fenti ya yi yawa ya gangaro. Ɓawon lemo kan zo idan haɗin ya yi kauri, ko iskar bindigar feshi ta yi kaɗan, ko an yi nesa da jiki, ko tina ta tashi da wuri. Wannan na ƙarshen ba abin mamaki ba ne a zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato, in aka yi amfani da tina mai saurin tashi, fenti na bushewa tun bai kwanta ba. Duk ukun ana gyara su ba sai an sake feshi ba. A bi wurin da samfefar ruwa mai laushi, daga lamba 1500 zuwa 2000 zuwa 3000, sannan a goge da inji da man folish har ƙyalli ya dawo. Sai dai in ƙurar cikin kala ta faɗa, kiliya ta rufe ta, to guga ba zai kai gare ta ba.

A nan zan faɗa maka abin da ba lalle ka so ji ba. Ƙura biyu ko uku a rufin mota ba abin kai ƙara ba ne. Wanda ke feshi a ƙasar da hazon hunturu ke sauka daga Nuwamba har Fabrairu bai isa ya kore ta gaba ɗaya ba. Ɓawon lemo kuwa, je wurin dillalai ka duba sabuwar mota, za ka same shi kaɗan-kaɗan. Ita ma 504 ba sumul ta fito daga Kaduna ba. In ka matsa sai an goge ko'ina ya koma madubi, kiliyarka ake cinyewa, kuma a cikinta maganin rana yake. Yau za ta burge 'yan unguwa, bayan bazara biyu ta fara fari tana ɗayewa. A kusurwa da layukan jiki fenti ya fi sirantaka, daƙiƙa kaɗan inji ke buƙata ya huda shi. Ba aikin ɗan koyo ba ne, balle kai da ba ka taɓa riƙe injin ba.

Na tsakiya sun fi wuya, don a cikin naman fentin suke. Akwai 'yan ramuka zagayayyu da ake kira idon kifi, inda fenti ya guje wa wani ɗigo ya bar rami. Mai ne ko silikon ke jawo shi. Yana iya fitowa daga kwamfiresar da ba a tsiyaye ruwa da man da suka taru a tankinta ba, ko daga hayaƙin janareta mai dizal, ko daga man ƙyallin dashbod da na taya da wani ya fesa a kusa. Akwai ƙananan huji irin na allura, galibi a bonet da rufi: an jibga hawa kan hawa ba a bar tazara ba, sama ta rufe, tinar da ke ƙasa ta fasa ta fito. Akwai farin hazo da kan hau fenti idan aka yi feshi cikin damina, iska cike da danshi. Akwai dusashewa, mota ta fito tana walƙiya, bayan wata guda ta yi fururu. Wannan yawanci gaggawa ce: an fesa kala kan firamar da ba ta gama bushewa ba, ko an yi ƙwauron hadina, ko an haɗa kiliyar wani kamfani da hadinar wani don rage tsada.

Farin hazo da dusashewa in ba su yi zurfi ba folish na iya ɗaga su. Idon kifi in biyu ne ko uku, ana ɗiga kiliya a cike ramin a goge. In ya cika bonet, ko hujin allura ya ratsa, ba wata dabara sai a goge fallen a sake fesawa. Mafi muni a wannan sahun shi ne yamutsewa, inda tinar sabon fenti ta ci tsohon da ke ƙasa, ya kumbura ya tattare. Ba na yi wa mai fenti uzuri a kan wannan. Da ya jiƙa tsumma da tina ya goga a wani lungu tun ranar da aka kawo motar, da ya san abin da zai taka, ya zaɓi ko ya kankare ko ya rufe da firamar da ke raba tsakani. Gwajin bai kai minti biyar ba.

Bambancin kala shi ma nan yake, ƙofa ta bambanta da fenda. A rana ake yanke hukuncinsa, don wasu kaloli kan dace a ƙarƙashin ƙwan lantarki su saɓa a waje. Gyaransa a sajo da kalar zuwa fallen da ke maƙwabtaka. Ko ba wata matsala, karɓi ragowar kalar a gwangwani da lambar haɗinta ka adana.

Sai na ƙarƙashi, waɗanda su ne ainihin ciwon tsohuwar mota. Zoben da ka gani a ƙofa iyakar fila ce ta bayyana: an rufe ta da firama tun ba su gama tsukewa ba, da suka tsuke sai gefen gyaran ya fito. Haka layukan samfefa da ke bayyana daga baya. An goge da mai kaushi, irin lamba 80, ba a bi da masu laushi ba, aka cike da firama mai kauri, da ta bushe ta nutse cikin layukan. Guga zai ɓoye su, amma in tsukewar ba ta ƙare ba za su dawo. Gara ka sanar da mai fenti yanzu, ku yi alƙawari, a jira wata biyu zuwa uku kafin a taɓa. Fila kanta ba laifi ba ce. Aikinta shafe 'yar lotsawar da guduma ta bari, kaurin milimita biyu ko uku. Idan aka mayar da ita madadin guduma da walda, aka cusa ta a ramin da tsatsa ta huda, to hanyoyinmu ba za su bar ta ta daɗe ba, tsagewa za ta yi.

Ƙananan ƙuraje masu yawa, waɗanda kan fito tari guda, danshi ne aka rufe a ƙasa. Fila tana shan ruwa, firama ta gama-gari ma haka. Motar da aka bari da firama a fili ta sha ruwan Agusta, ko aka goge filarta da samfefar ruwa, ko aka fesa ta da iskar kwamfiresa mai ruwa, ta haɗiyi abin da za ta amayo daga baya. Yaudararsu ita ce sukan taso a damina su lafa a rani, sai ka zaci sun warke. Suna nan. Sai an kankare har ƙasa da inda suke, an busar, an sake ginawa.

Ƙurji babba guda ɗaya a ƙasan ƙofa, ko bakin gilashi, ko kewayen taya, tsatsa ce. In aka fasa za ka ga jan ƙarfe. Mafi yawa daga bayan fallen take cinyowa, don haka goge fuska a sake fenti ɓata kuɗi ne. Yankewa ake yi, a yi waldar sabon ƙarfe, a shafe gaba da baya da firamar efoksi wadda ba ta shan ruwa, a kuma buɗe 'yan hujin da ke ƙasan ƙofa inda ruwa ke tsiyaya, waɗanda sau da yawa fila da laka sun toshe. Motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Damagaram ta fi sauƙin wannan ciwo a kan wadda ta zauna Legas ko Fatakwal, balle wadda aka shigo da ita daga ƙasashen Turai da ke zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Ɗayewar fenti a bakin roba kuwa shaida ce cewa ba a cire robar ba, takarda aka liƙa aka fesa.

To yanzu kai. Ba kowane aibi ne na mai fenti ba. Sabon fenti ba a shafa masa kakin ƙyalli sai ya yi wata ɗaya zuwa uku, gwargwadon abin da kamfanin fentin ya ce. Ba a lulluɓe shi da tampol, don yana tara gumi yana kuma gurzar jiki. Ba a wanke shi da garin sabulun wanki. Ba a share masa ƙurar hunturu da busasshen tsumma, yashi ne kake gogawa. Kashin tsuntsu da na jemage in ya kwana a rana yana cin kiliya, saboda haka inuwar darbejiya ko mangwaro ba kullum take alheri ba. Man birki yana kwaɓe fenti, kuma lokacin da ake mayar da kayan mota bayan fenti ne ya fi zuba. Yaron wankin mota mai tsumma ɗaya na taya da jiki zai iya yi maka ɓarnar da za ka ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba.

Akwai kuma laifin da aka yi tun ranar ciniki. Mai fenti ya ce a kankare har ƙarfe, ka ce kuɗin ya yi yawa, a rufe kawai. Ya ce wata uku, ka ce kafin Sallah ko kafin bikin aboki. Kaso mafi girma na aikin fenti shirin da ke ƙasa ne, feshin kansa bai cika wuce yini ba. Duk abin da ka zaftare a farashi ko a lokaci, daga shirin nan ake cire shi, inda idonka ba zai gani ba sai daga baya. Araha ba ta ado. Yi wa kanka adalci a kan wannan kafin ka fita daga gida.

In ka tashi komawa, je da safe. Yi sallama, ku gaisa, ka ja shi gefe. Girmansa a gaban yaransa jarinsa ne, in ka zubar da shi maganar gyara ta koma ta kare kai. Ce masa: "Malam, ga wani abu na gani a bonet, na ce bari in kawo ka duba, kai ka san aikinka." Bar shi ya fara magana. Sannan ka tambaye shi mene ne wannan, me ya jawo shi, kuma me za a yi don kada ya dawo. Gwani zai durƙusa ya shafa, ya faɗi dalili, wani lokaci ma ransa ya fi naka ɓaci, don sunansa ne ke yawo a titi.

Wasu amsoshin kuwa sai ka auna su. "Ai zai kwanta, Alhaji." Fenti yana kwanciya ne yana ɗanye, wanda ya yi sati a bushe ba inda zai kwanta. "Folish zai cire." Gaskiya ne ga ƙura da ɓawon lemo da hawaye, ba gaskiya ba ne ga ƙurji ko tsatsa. "Rana ce." Rana tana kashe fenti, amma a shekaru take yi, ba a makonni ba. "Haka tsohuwar mota take." Wannan tana da ƙamshin gaskiya. In ya gargaɗe ka tun farko ka ƙi, maganarsa ce a sama. In kuwa ya ga jikin ya yi shiru ya karɓi kuɗin cikakken aiki, to da saninsa ya ɗauka.

A ganina rabon adalci shi ne: na sama ya goge kyauta, don cikon aikinsa ne. Na tsakiya nasa ne, kaya da aiki, don daga hannunsa da kayan aikinsa suka fito. Na ƙarƙashi ya danganta da abin da kuka yi ciniki a kai, kuma sau da yawa abin da ya fi shi ne kai ka sayi kaya shi ya yi aiki. Duk abin da kuka tsayar a rubuta shi: wane falle, zuwa wane zurfi, wa zai sayi me, wace rana. Ko saƙon waya ne ya wadatar, in akwai shaida ya fi. Kada ka kai motar wurin wani mai fenti ya taɓa kafin na farko ya gani. Ranar da hannu na biyu ya hau, hujjarka ta tafi, kowa zai nuna ɗan'uwansa. Ka iya kai wa wani ya duba da ido, musamman mai na'urar auna kaurin fenti, wadda in ta nuna sama da maikiron 1,000 ka san fila ce a wurin. Amma duba kawai.

In ya ƙi sauraro, kada ka fara da ofishin 'yan sanda, wannan ba laifin sata ba ne. Kusan kowane gareji yana da shugaba, masu gyaran mota kuma suna da ƙungiya, irin NATA a Nijeriya, dattawansu sun san aibin fenti fiye da kowane alƙali, kuma mai sana'a yana jin kunyarsu. In abin ya wuce nan, dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba wanda aka yi wa aiki marar inganci damar a gyara masa ko a mayar masa da wani kaso na kuɗinsa. A fiƙihun Malikiyya ma, kamar yadda ɗaliban Risala ta Ibn Abi Zaid suka sani, mai sana'a yana lamuntar kayan da ya karɓa ya keɓe da su. Amma ka lissafa kafin ka ja: wani lokacin kuɗin zirga-zirga da ɓacin rai sun fi kuɗin fesa ƙofa ɗaya.

Wani aibin kuma barinsa ya fi gyaransa. Kowane falle da aka sake fesawa yana iya zuwa da bambancin kala ko sabuwar ƙura. Ɗigo ɗaya a ƙasan bamba, wanda sai ka kwanta za ka gani, bai cancanci a sake taɓa mota ba. Ni da za a tambaye ni, wasu motocin ma da ba a yi musu sabon fenti ba tun farko. Fentin kamfani da ya dusashe amma bai tsage ba sau da yawa guga kawai yake buƙata, kuma masu tara tsofaffin motoci suna daraja shi, don sau ɗaya mota ke samun sa.

Abu ɗaya ne ba na son ka yi ko da rai ya ɓaci: ka sayo kiliya da hadina ka ce za ka fesa da kanka a tsakar gida. Hadinar fenti mai haɗi biyu tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke jawo asma, kuma wanda jikinsa ya kamu ko kaɗan ya shaƙa daga baya sai ta tashi. Ƙyalle a hanci ba ya tare shi, takunkumin takarda ma haka. Kankare tsohon fenti a bushe shi ma haɗari ne, don wasu kalolin da, musamman ja da rawaya da ruwan lemo, da dalma aka haɗa su. Mun ga abin da ƙurar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda aƙalla yara 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. In ka ga yaran garejin suna feshi ba kariya, yi wa maigidansu magana, ko ka haɗa musu da takunkumi na gaske cikin kayan da za ka saya.

Wanda kuwa motarsa ke wurin mai fenti a yanzu, kada ya zauna jiran a kira shi ranar karɓa. Je ka gobe ka ga ƙarfen kafin a rufe shi, ka ɗauki hoton kowane falle bayan walda da bayan fila. Riƙe wani abu daga cikin kuɗin sai ka duba motar a rana, kuma ku rubuta cewa za ku sake duba ta tare bayan damina ta farko.